Gwajin kayan lantarki a masana'antar waje ko kula da injuna a gida: zaɓin sabon injiniya a Arewacin Kamaru

Duk shekara akwai matasan da ke fitowa daga makarantun fasaha na IUT da ENSAI na Jami'ar Ngaundere, da makarantar Polytechnique ta Marwa, riƙe da takardar karatun lantarki. In ka tambaye su abin da suke so su yi, mafi yawa za su ce ƙira, wato su zauna su zana na'urar da babu irinta. Kujerun masu ƙira kuwa kaɗan ne, ko a ƙasashen da suka yi nisa a harkar. Ayyukan da suka fi ɗaukar wanda ya iya awo da gano matsala guda biyu ne. Akwai injiniyan gwaji a masana'antar haɗa kayan lantarki, mai tabbatar da cewa duk abin da ya sauko daga layi lafiyarsa ƙalau kafin a rufe shi a kwali. Akwai kuma injiniyan da ke karɓar kayan bayan sun iso ƙasarmu, ya girka su, ya gwada su, ya ci gaba da kula da su a tashar sola ko gindin eriyar waya ko kamfanin auduga. Mitar da ke hannunsu iri ɗaya ce, amma rayuwarsu ba ta haɗa hanya ba.

Gara a fara da abin da kunne ba ya so. Daga Ngaundere har Kuseri, ka haye gada ka shiga Njamena, babu wata babbar masana'anta da ke buga allunan lantarki dubbai a rana. Masana'antunmu na auduga ne da man girki da siminti da kayan sha: Sodecoton a Garwa tun 1974, siminti a Figil, Cotontchad a Mundu, matatar man Jarmaya kusa da Njamena. Ko a kudu abin da ake ƙerawa ba shi da yawa, irin CardioPad ɗin Arthur Zang a Yawunde, na'urar auna aikin zuciya da ta ci kyautar Rolex a 2014. Don haka duk wanda ya zaɓi gwajin masana'anta, ya sani tafiya ya zaɓa.

Wuraren da suka fi kusa da mu su ne Maroko, inda STMicroelectronics ke da gidan haɗawa da gwada ƙananan ƙwaƙwalwan lantarki a Buskura kusa da Kasablanka, ga kamfanonin kayan mota a Tanja. Da Tunisiya, inda Sagemcom ke haɗa akwatunan intanet da na talabijin. Da Masar, inda Samsung ke da masana'anta a Bani Suwef. Da Habasha, inda masu Tecno da itel suke haɗa waya a Addis Ababa. Gaba da nan sai Faransa da Kanada, sai uwa uba Shenzhen ta ƙasar Sin. Faransancin da muka sha a makaranta yana buɗe ƙofar Maroko da Tunisiya da Faransa da Kebek, wannan kuwa gata ne da ɗan Yola ko ɗan Maiduguri ba shi da shi.

Aikin gwaji a masana'anta

Mutane na ɗauka injiniyan gwaji shi ne mai zama yana kunna waya ɗaya bayan ɗaya yana duba ko ta haska. Wannan aikin ma'aikatan layi ne. Nasa shi ne ya ƙera na'urar da za ta yi gwajin, ya rubuta manhajar da za ta tuƙa ta, ya yanke iyakar abin da za a karɓa da abin da za a mayar, sannan ya zauna da alƙaluman da ke fitowa ya gano inda layin ke ciwo.

Ga yadda allo ke tafiya a layi. Ana shafa masa dalmar liƙi ta cikin wani faranti mai ƙananan huji, inji ya dasa kayan a kai, wasunsu tsawonsu bai kai milimita ɗaya ba, sai ya shiga tanda. Dalmar da ake aiki da ita yanzu haɗin kuza ne da ɗan azurfa da jan ƙarfe, tana narkewa a wajen digiri 217. Yana fitowa, kyamara ta duba ko wani abu ya karkace ko ya ɓace. Ƙwaƙwalwan da ƙafafunsu ke ƙarƙashin cikinsu, ido ba ya ganin liƙinsu, sai an ɗauki hotonsu irin na ƙashi a asibiti. Daga nan a danna allon kan wani gado mai ɗaruruwan allurai masu sifirin, kowace allura ta taɓa wurinta, a auna kowane rezista (mai rage gudun wuta) da kafasita (mai riƙe wuta), a duba ko wayoyi biyu sun haɗe inda bai kamata ba. Bayan haka ne ake ba shi wuta, a loda masa manhajarsa, a sa shi ya yi aikin da aka yi shi dominsa. In caja ce ko wani abin da ake sokawa a bango, ana tura masa wuta mai ƙarfi ƙwarai tsakanin ɓangaren da ke shan 220 da ɓangaren da hannu ke taɓawa, don a tabbatar ba za ta tsallako ta kama mutum ba. Wasu kayan har kwana suke yi a ɗaki mai zafi suna aiki, domin raunanan cikinsu su mutu a masana'anta, kada su mutu a hannun mai saye.

Me ya kawo wannan wahala duka? Lissafi ne. A ce allo ɗaya yana da liƙi 1,000, kuma injin ya ƙware har sau ɗaya kawai yake kuskure cikin 10,000. Da jin haka za ka ce ai an gama. Amma in ka buga, kusan allo ɗaya cikin goma zai fito da aƙalla liƙi ɗaya marar kyau. Babu kamfanin da zai rayu yana sayar da kaya haka.

Inda aikin ya fi daɗi, kuma ya fi cin rai, shi ne wajen sa iyaka. A ce wani wuri a allon ya kamata ya ba da bolt 5, an yarda ya yi sama ko ƙasa da kashi 5 cikin ɗari, wato daga 4.75 zuwa 5.25. Mitarka ta karanta 4.76. Ya wuce ke nan? In mitar kanta tana iya kuskuren 0.02, mai yiwuwa ainihin abin 4.74 ne, ka saki marar lafiya. In kuma ka matse iyakar da yawa don tsoro, sai ka riƙa mayar da lafiyayyun alluna, masu gyara su ɓata lokaci suna neman ciwon da babu shi. Shi ya sa rabin hankalin injiniyan gwaji ba a kan kayan yake ba, a kan ma'aunin yake, kamar sarkin kasuwar da ke bin 'yan awo yana duba mudunsu, ba hatsinsu ba. Yakan ɗauki allo ɗaya ya sa mutum uku su auna shi sau da yawa a ga ko amsar za ta tsaya wuri guda. Yakan ajiye wani allo da aka tabbatar da lafiyarsa, da wani da aka san ciwonsa, a fara da su kowace safiya. Mitocin kansu ana kai su a daidaita su lokaci-lokaci, a manna musu takarda mai kwanan wata.

Sai kuma daƙiƙa. A ce layi na fitar da allo 1,800 a rana, gwajin kowanne na cin daƙiƙa 40. Awa 20 ke nan a kan na'ura ɗaya. In ka iya rage shi zuwa daƙiƙa 30 ba tare da ka zubar da wani gwaji mai muhimmanci ba, ya koma awa 15, ya shiga cikin aikin rukuni biyu na ma'aikata, kamfani ya huta da sayen na'ura ta biyu ko biyan masu kwana. A kan irin wannan ake yaba wa mutum a can, a kansa kuma ake ƙara masa matsayi.

Akwai siyasar cikin gida da ba a koyarwa a aji. Shugaban layi adadi ake tambayarsa, ranar da na'urarka ta fara mayar da alluna da yawa kuwa, abu na farko da zai ce shi ne na'urarka ce ke ƙarya. Wani lokaci gaskiyarsa ne, allura ce ta lanƙwashe ko ta yi datti. Wani lokaci kuma wani sabon ƙunshin kafasita ne aka kawo marar kyau. Kai za ka rarrabe, layi na tsaye, manya na tsaye a kanka, ana ta raɗa maka ka ɗan buɗe iyakar kaya su wuce. Wanda ba ya iya cewa a'a da hujjar alƙaluma a hannu ba zai ji daɗin wurin ba. Kowa a harkar yana tuna Galaxy Note 7 na Samsung a 2016: matsalar batir ta kuɓuce ta isa hannun jama'a, wayoyi suka riƙa kama wuta, kamfanonin jiragen sama suka hana shiga da ita, aka janye ta daga kasuwa cikin wata biyu da fitowarta.

Kayan aikinsa na kullum rabi lantarki ne rabi kwamfuta. Dole ya iya karanta zanen da'ira, ya iya osiloskop (na'urar da ke zana yadda wuta ke hawa da sauka), ya iya rubuta manhaja da Python ko LabVIEW ko C da za ta yi magana da mitoci, ya kuma san lissafin ƙididdiga gwargwado. Takardun bayanin kayan kusan duka da Ingilishi suke, ko da masana'antar Faransanci take yi. Ranarsa a cikin gini take ƙarewa, cikin sanyin na'ura, da riga ta musamman da wani zare a wuyan hannu da aka haɗa da ƙasa ta cikin rezista mai megohm ɗaya. Dalilin zaren, duk wanda ya yi hunturu a Marwa ya san shi: tartsatsin nan da ke tsinke ka in ka taɓa ƙofar mota. Mutum ba ya jin sa sai ya kai wajen bolt 3,000, alhali akwai ƙwaƙwalwan da bolt 100 ya isa ya kashe su. Masu gyaran waya a kasuwanninmu da za su riƙa ɗaura zaren nan a watannin sanyi, da wayoyin da ke mutuwa a teburinsu sun ragu.

Aikin da ke nan gida

Injiniyan gida shi ma gwaji yake yi, sai dai nasa kayan sun riga sun wuce gwajin masana'anta, kuma yanzu ne za su gamu da ƙasar da ba a yi su da ita a rai ba. Wutar Arewacin Kamaru ta daɗe tana dogara da madatsar Lagdo a kan Binuwai, mai megawat 72, wadda ƙarfinta ke raguwa in ruwa ya ja baya. An ƙara tashoshin sola masu batir a Marwa da Gider, ana kuma aikin layin da zai haɗa wutar kudu da ta arewa har zuwa Chadi. A Chadin kuwa waɗanda ke da wutar lantarki ba su kai kashi 15 cikin ɗari ba. Duk wannan giɓin da sola da janareto da batir ake cike shi: a asibitoci, a famfunan burtsatse, a gidaje, a gindin eriyoyin MTN da Orange da Camtel, da na Airtel da Moov a ƙetaren kogin Logone, wato Chadi, inda kayan ke aiki da bolt 48. Kowane ɗaya yana buƙatar wanda zai girka, ya gwada, ya dawo in ya tsaya. Ga injunan gurzar auduga da na siminti, masu cike da mota-mota na lantarki da akwatunan sarrafa su.

Babban abokin gaba a nan zafi ne. Farantin sola da aka rubuta masa wat 400, an auna shi ne yana digiri 25. A watan Afrilu a Garwa, iska kanta ta haura 40, farantin da ke kwance a rana yana iya kai 65. Yawancinsu suna asarar wajen kashi 0.35 cikin ɗari a kan kowane digiri, wato kashi 14 ya tafi, saura wat 344, tun ba a yi maganar ƙurar da ta lulluɓe shi ba. Kafasitar da ke cikin inbata (na'urar da ke juya wutar sola ko batir zuwa irin ta gida), wadda aka rubuta mata awa 2,000 a digiri 105, rayuwarta na ninkawa duk lokacin da zafi ya sauka da digiri 10. In tana zaune a 65 za ta yi awa 32,000, shekara uku da rabi da 'yan kai. In an kulle inbatar a ɗakin kwano marar iska ta hau 75, ba za ta cika shekara biyu ba. Batir mai ruwa shi ma haka zafi ke cin kwanansa. Injiniyan da ya san wannan lissafin, shi ne zai gaya wa Alhaji cewa taga da inuwa sun fi masa sabuwar inbata amfani, kuma shi ne za a sake kira.

Aikin ba ya maimaita kansa. Yau famfon wani ƙauye ne a Mayo-Danay, gobe akwatin sarrafa inji ne da ɓera ya ci wayarsa, jibi tsawar damina ce ta ƙone abu a gindin eriya. Sau da yawa babu zane, wanda ya girka ya tafi da shi ko bai taɓa yin sa ba. Kayan canji sai an aika Duwala ko an tsallaka Nijeriya, a jira. Wannan yana wasa ƙwaƙwalwa ta wata fuskar da masana'anta ba ta yi: mutum ya koyi gano ciwo da ƙaramin kayan aiki, ya koyi magana da mai kaya, da ɗan kwangila, da lawan ko jauron gari, cikin Hausa da Fulatanci da Faransanci, wani lokaci da Larabcin Shuwa. Amma yana da rami. Saboda kullum gaggawa ake yi, kuma ba mai tambayar ka rubutaccen sakamako, da sauƙi mutum ya shekara goma yana canza kaya har abu ya tashi, bai taɓa sanin dalilin mutuwarsa ba. A masana'anta tsari ne ke tilasta maka rubuta komai. A gida, in ba ka tilasta wa kanka ba, babu mai yi maka.

Haɗarin jiki ma ya fi yawa a nan. Jerin farantan sola a babbar tasha yana kai bolt 1,000 ko 1,500, kuma irin wannan wutar in ta yi tartsatsi ba ta mutuwa da kanta da sauƙi, ba a kuma kashe rana da makunni. Ga hawan rufi da eriya, ga hanyar Marwa zuwa Kuseri da damina, ga wasu sassan Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga da Logone-da-Shari inda matsalar tsaro ta sa ba a fita aiki sai an yi shawara. Na masana'anta haɗarinsa ciwon baya ne da aikin dare da kiran waya ƙarfe biyu don layi ya tsaya.

Kuɗi, iyali da ƙofar shiga

Albashin Turai in an juya shi zuwa sefa yana ruɗar ido, tunda yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi. Ka cire haraji da hayar ɗaki da kuɗin jirgin zuwa gida kafin ka yi murna. Duk da haka, a Faransa ko Kanada abin da zai rage a hannu yakan fi na gida nesa ba kusa ba. Maroko da Tunisiya tsaka-tsaki ne, kuma kafin ka sa hannu ka tambayi ƙa'idar aika kuɗi waje, don kuɗinsu ba ya fita yadda sefa ke yawo tsakanin Kamaru da Chadi. A gida abin ya rabu biyu. Manyan kamfanoni suna biya a kan kari, suna rubuta ka a CNPS, asusun fanshon ma'aikata. Ƙananan masu girka sola kuwa kwangila ce, wani watan a ci da mai, wani watan a jira biyan aikin da aka gama tun bara. Sai dai na gida yana da abin da na waje ba shi da shi: aikin gefe na Asabar da Lahadi, da damar buɗe nasa kamfanin da jarin da bai taka kara ya karya ba. Injiniyan gwaji ba ya buɗe masana'antar kansa, ma'aikaci ne har ya yi ritaya, sai in ya sauya layi.

Maganar iyali kowa ya san nauyin da ke kansa. Babban ɗa da mahaifi ya tsufa, ko wanda aka riga aka kai kuɗin aurensa, lissafinsa daban ne da na autan da yayyensa suka tsaya wa gida. Ga 'yan'uwa mata, zan faɗi abin da na gani: aikin gwaji ya fi sauƙin haɗawa da rayuwarsu ta fuskar aikin kansa, wuri ɗaya ne, lokaci sananne, babu kwana a ƙauye, kuma masana'antun lantarki cike suke da mata. Abin da ke da wuya shi ne amincewar gida a kan tafiyar. Ƙanwata, in wannan ne burinki, ki fara shawo kan Baba tun kina shekarar farko, kada ki bari sai takardar gurbin karatu ta zo.

Ƙofar shiga masana'antar waje ba kasafai take buɗewa ga wanda ya aika takarda daga Garwa kai tsaye ba. Ƙasashe da yawa suna sa kamfani ya nuna bai samu ɗan ƙasa ba kafin ya ɗauki baƙo. Hanyar da aka fi bi ita ce karatu: mutum ya tafi digiri na biyu, ta gurbin da hukumar AMCI ta Maroko ke bai wa ɗaliban Afirka ko ta Campus France, hukumar Faransa mai kula da ɗaliban ƙetare, ya yi horon ƙarshen karatu na wata shida a masana'anta, daga nan a riƙe shi. Wato sai an yi tanadin shekara biyu ko uku na kashe kuɗi kafin a fara samu. A gida ƙofar ta fi kusa, horon aiki ne da jarrabawar ɗauka, da kuma sanayya, kada mu yaudari kanmu. Amma wanda ya iya aiki sunansa na yawo da wuri, don garuruwan ba su da girma kuma masu iyawar ba su da yawa.

Wanne ke nan?

Abin da ya fi auna min a zuciya shi ne hanyar ba ta da faɗi ɗaya a zuwa da dawowa. Wanda ya yi shekaru a gwajin masana'anta yana iya dawowa gida ya shiga harkar sola ko sadarwa, ya koyi aikin babbar wuta da hawan rufi cikin ɗan lokaci, ya kuma zo da abin da muke da ƙarancinsa, wato iya tantance kaya. Kasuwanninmu cike suke da batir da fitilun sola da caja waɗanda abin da aka rubuta a jikinsu daban, abin da suke bayarwa daban. Hukumar kula da ingancin kaya ta ANOR da aka kafa a 2009 tana da tsarin duba kaya tun kafin a loda su zuwa Kamaru, hukumar ART kuma ita ke amincewa da kayan sadarwa, amma abin da ke shigowa ta kan iyakokin arewa a kan babur ba ya bi ta teburin kowa. Duk ɗan kasuwar da ke shigo da kwantena zai amfana da mutumin da zai gwada samfuri kafin a biya kuɗi. Shi kuwa wanda ya daɗe a aikin gida ba ya rubuta manhaja, ba ya taɓa ƙididdiga, in ya nemi shiga masana'anta daga baya zai tarar yara sabbin fitowa sun fi shi abin da ake nema, ga iyali sun yi nauyin da ba a ɗauka a koma aji.

Saboda haka, ƙanena, in kana son kwamfuta kamar yadda kake son waya da dalma, in gida za su iya jure rashinka, in kuma akwai hanyar gurbin karatu, ka tafi tun da ƙuruciya, gida ba zai gudu ba. In ɗaya daga cikin ukun nan babu, ka zauna, kuma kada ka ɗauka ka faɗi ne. Aikin da ke tsakanin Ngaundere da Njamena ya fi ƙarfin injiniyoyin da ke akwai. Sharaɗin kawai shi ne ka ɗauko ɗabi'ar masana'anta ka sa wa kanka: kowane girki a auna shi a rubuta, ƙarfin kowane jerin faranti, lafiyar rufin wayoyi, zafin ɗakin batir, da kwanan wata. Akwai ƙa'idar IEC 62446 da ta jera gwaje-gwajen da ake yi wa girkin sola kafin a miƙa shi, ka nemo ta ka bi. Ka kuma riƙe Python ko da awa biyu ne a mako.

Wanda har yanzu bai san inda zuciyarsa ta karkata ba, ga gwajin da zai yi a ɗakinsa. Ka shiga kasuwa ka sayi caja goma iri ɗaya, masu araha, ka sa musu lamba. Ka nemi rezista mai om 5 da ke ɗaukar wat 10, wanda zai ja kusan amfiya ɗaya. Ka auna abin da kowace caja ke bayarwa ba kaya, ka auna da rezistan a jiki, ka sake aunawa bayan rabin awa ta yi zafi. Ka rubuta a tebur, ka sa iyaka daga 4.75 zuwa 5.25, ka maimaita kwana uku a jere, da safe da kuma tsakar rana. In ran kwana na uku ka tarar kana ɗokin ganin ko lamba bakwai za ta sake zamewa, kana tambayar kanka ko mitar ce ko cajar, har ka fara tunanin yadda kwamfuta za ta riƙa ɗaukar awon da kanta, to kai mutumin masana'anta ne. In kuwa tun ranar farko ka gaji da teburin ka ɗauko sukuddireba don ka ga abin da ya lalace a cikin wadda ta faɗi, aikin gida ne naka. Sai dai kafin ka buɗe ta, ka zare ta daga bango ka sauke wutar babbar kafasitar da rezista, don tana riƙe sama da bolt 300 ko bayan an cire ta.